Me ya sa miyagu a labaran almara na Turawa suke yawan zama baƙaƙe?

Mai Nazari:
Assalamu alaikum. A labaran almara na Turawa, irin na sarakuna da matsafa da dodanni, mutanen kirki galibi farare ne daga yamma, rundunar mugunta kuwa baƙaƙe ne ko masu rawani daga kudu da gabas. Wariyar launin fata ce da gaske, ko tsohuwar ɗabi'ar kamanta alheri da haske, sharri da duhu ce kawai? Ta yaya mai rubutu zai kauce mata?

Malamar Adabi:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Kamanta sharri da duhu ya girmi wariyar zamani, mu ma muna cewa baƙin ciki da farin ciki. Ɓarnar tana farawa ne daga inda aka ɗauke duhun daga dare aka manna shi a fatar al'umma guda, sannan aka ce halinsu a jini yake.

Wannan tunani yana da asali. A bugun 1758 na littafinsa na rarraba halittu, Linnaeus, masanin halittu ɗan Sweden, ya kasa mutane gida huɗu, kowane gida da launinsa da halinsa: Bature doka ke tafiyar da shi, ɗan Afirka kuwa malalaci ne mai bin son zuciya. Marubutan almara da suka taso a zamanin mulkin mallaka sun gaji wannan ƙwarya, suka zuba halittunsu a ciki.

Dubi Tolkien, marubucin The Lord of the Rings. A wata wasiƙa ta 1958 ya siffanta Orc, dodannin rundunar mugunta a littattafansa, da gajarta, faɗin hanci da karkatattun idanu, ya kuma kamanta su da mutanen Mongoliya a fili. Haradrim, masu duhun fata daga kudu, suna yaƙi a ɓangaren Sauron, babban mugun labarin. Amma shi ɗin ne a 1938 ya rubuta martani mai zafi ga wani kamfanin ɗab'i na Jamus da ya tambaye shi ko jininsa na Ariyan ne, wato jinsin da 'yan Nazi ke fifitawa, kuma a 1959 ya fito fili ya ce ya tsani mulkin wariya na Afirka ta Kudu, ƙasar da aka haife shi. Saboda haka tambayar “shin marubucin mugu ne?” ba ta kai mu ko'ina. Ginin labarin za a duba.

Baban Ɗan Lido:
Malama ta faɗi gaskiya, kuma a Dungeons & Dragons, wasan da kowane ɗan wasa ke zaɓar halittar almara ya taka rawarta, abin har lissafi aka yi masa. A bugu na uku, na shekarar 2000, duk wanda ya zaɓi ruwa-biyun Orc da mutum ana ƙara masa maki 2 na ƙarfi, a rage 2 na basira da 2 na kwarjini tun kafin ya yi komai. Drow kuma, wata al'ummar wasan masu baƙar fata da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, an rubuta su a matsayin miyagu tun asali. Amfanin hakan ga wasan shi ne a samu abokin gaba da za a kashe ba tare da tambaya ba. Illar kuwa, hujjar masu cinikin bayi ke nan sak: ga ƙarfi, babu hankali.

Kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya amsa cewa akwai wannan matsala a watan Yunin 2020. Daga baya a shekarar ya ba ɗan wasa damar sa makin inda yake so. Duk da haka a 2022 sai da ya nemi gafara kan Hadozee, wasu halittu masu kama da birai da aka ba su tarihin bauta. Goge lamba bai isa ba idan tarihin da aka ƙaga yana ɗauke da tsohon hoton.

Hajiya Mai Alƙalami:
Kada dai mai tambaya ya fahimci cewa dole a daina rubuta dodanni. Dodon tatsuniyarmu guda ne, ba ƙabila ba ce mai mata da yara da garuruwa. Da zarar ka ba halitta harshe da iyali, ta zama al'umma, kuma hukuncin rubuta al'umma ya hau kanka.

Ka ɗauki daftarinka ka jera kowace al'umma da launinta, tufafinta da mahaifarta. Idan rawani, takobi mai lanƙwasa da duhun fata duk sun taru a ɓangaren abokan gaba, kamar mutanen ƙasar Calormen a labaran Narnia na C.S. Lewis, to ka aro mutanen gaske ka ba su aikin mugunta. Sai ka nemi dalilin yaƙinsu: ƙasa ce, ruwa ne, haraji ne, ko tsohuwar gaba? In amsar ita ce “haka aka halicce su”, a nan gyara yake. Ka sa musu saɓani a cikin gida, wani na son yaƙi wani na ƙi, kuma aƙalla biyu su yi magana da sunansu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fito da mutumin kirki ɗaya tak daga cikinsu, wanda kirkinsa shi ne ya guji danginsa. Wannan tabbatar da zargin yake yi.

Marubuciya Ursula Le Guin ta nuna ana iyawa tun 1968: Ged, jarumin labarinta na Earthsea, jan-baƙi ne, fararen mutanen ƙasar Kargad kuma su ne maharan. Da aka mayar da labarin fim na talabijin a 2004 sai aka ba Bature matsayin Ged, ita kuma ta rubuta ƙorafinta a fili.

Mu ma masu rubutun Hausa mu duba namu. Sau nawa jarumar take fara sol mai dogon hanci, kishiya ko 'yar aiki kuma baƙa? Jeren da na ce a yi wa Orc, a yi wa waɗannan ma.