Neman shawara: an rubuta wa Hajiyarmu allurar adalimumab, me za mu kiyaye?

Maman Ilham (Shara Mansur, Makka):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu, shekarunta 61, tana fama da rumatoyid, wato amosanin gaɓɓai mai kumburi. Tana shan methotrexate, amma da asuba yatsunta ƙagewa suke, ko carbi ba ta iya ja. Yanzu likitan gaɓɓai ya ce zai ɗora ta a kan allurar adalimumab, 40 mg duk mako biyu, mu riƙa yi mata a gida, bayan an yi gwajin jini da hoton ƙirji. Dangi suna ta tsorata ta wai allurar tana kashe garkuwar jiki. Ga shi tana son yin Umra a goman ƙarshe na azumi, bayan Sallah kuma muna da niyyar zuwa Kano. Masu sani, don Allah me za mu kiyaye?

Abu Muhsin (likita, Jidda):
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Allurar ba ta kashe garkuwa, sashe ɗaya take dannewa, wani sinadari da ake kira TNF wanda yake haddasa kumburin gaɓɓai. To sai dai shi wannan sinadarin ne yake killace ƙwayar tarin fuka a jikin wanda ya taɓa shaƙar ta amma bai yi ciwo ba. Mutum zai iya ɗauke da ita shekara talatin tana kwance, da an danne TNF ta farka, kuma sau da yawa ba ma a huhu take fitowa ba, a kaluluwa ko ƙashi ko ciki. Wanda ya tashi a Najeriya ko Nijar, ko yake yawan cuɗanya da baƙin Harami, ba a yi masa sakaci da gwajin tarin fuka.

Hoton ƙirji kaɗai bai wadatar ba. A yi gwajin jini na IGRA, ya fi na fata, domin rigakafin BCG na yarinta yakan ruɗa sakamakon na fata. In aka ga ƙwayar a kwance, ba a fasa allurar: ana fara maganin tibin, misali isoniazid na wata 6 zuwa 9 ko rifampicin na wata 4, a yi aƙalla wata guda a kai kafin allurar farko. Na biyu ciwon hanta nau'in B. Ki duba takardar gwajin jinin ki tabbata an yi gwaje-gwajensa biyu, HBsAg da kuma anti-HBc, don wanda ya taɓa kamuwa ya warke ma tana iya tasar masa. Ku kuma faɗa wa likitanta in tana da raunin zuciya mai sa haki da kumburin ƙafa, ko ta taɓa yin kansa, ko wata cutar jijiya mai kawo mutuwar gaɓa. Waɗannan suna iya sa a canza magani gaba ɗaya.

Malam Sani (mai harhaɗa magunguna, Madina):
Ni a kan ajiya zan tsaya, don a ƙasar nan zafi ne yake ɓata wa mutane magani mai tsada ba su sani ba. Maganin furotin ne, zafi yana lalata shi, ƙanƙara ma haka, kuma ba lallai ido ya ga canji ba. Wurinsa firji, digiri 2 zuwa 8, a cikin kwalinsa saboda haske. A sa shi a tsakiyar firji. Ƙofa ba ta riƙe sanyi saboda buɗe-buɗe, bangon baya kuma yakan daskarar da abu. In ya taɓa daskarewa ya tashi aiki ko da ya narke.

Ranar karɓo shi ki tafi da jakar sanyi da ƙanƙarar roba, ki naɗe kwalin da tawul kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kuma daga asibiti sai gida. Kada a bar shi a mota a shiga kasuwa ko sallah, domin cikin motar da aka kulle a rana yana wuce digiri 50. Humira, wato adalimumab ta kamfanin asali, tana jure zaman waje har kwana 14 matuƙar zafin bai wuce digiri 25 ba, amma daga ranar da ta fita ake ƙirga, mayar da ita firji ba ya sabunta lissafin. Ki rubuta ranar a jikin kwali. Sauran kamfanonin da ke yin adalimumab kwanakinsu sun bambanta, sai ki karanta takardar wanda aka ba ku.

Ummu Salma (ma'aikaciyar jinya):
Ta farko a yi ta a gaban ma'aikaciyar jinya, ki gani da idonki. A gida kuma ki fitar da alƙalamin allurar, wato abin da maganin yake zuwa a ciki, daga firji minti 15 zuwa 30 ya huce da kansa, mai sanyi ya fi zafin shiga. Ba a ɗumama shi da ruwan zafi ko a rana, ba a girgiza shi. Ki leƙa 'yar tagar jikinsa: ruwan ya zama garau, in ya yi gurɓi ko da ɓurɓushi kada ki yi amfani da shi. Gaban cinya ko ciki, nesa da cibiya da santimita 5. Ki goge da sifirit ki bari ya bushe, ki ɗan tsinko fatar, ki danna a miƙe, ki riƙe har alamar da ke tagar ta daina motsi, wajen daƙiƙa 10 zuwa 15. Masu saurin ɗagawa su ne suke ganin ruwa yana gangarowa a cinya, rabin magani ya tafi. Kada a murza wurin. Kowane karo a matsa aƙalla santimita 3 daga na baya, a guji tabo da inda ya yi ja ko tauri. Ɗan ja da ƙaiƙayi na kwana biyu ba komai. Kumburin leɓe ko fuska ko sarƙewar numfashi kuwa, a kira motar asibiti a lamba 997 nan take.

Baba Alhaji:
Allah ya sawwaƙe. 'Yata, a haɗa mata da ƙaho da nonon raƙumi, suna taimakon gaɓɓai ƙwarai.

Abu Muhsin:
Baba, a yi mini afuwa, a wannan halin ban goyi baya ba. Ɗanyen nonon raƙumi ko na akuya, irin wanda ake sayarwa a bakin hanya, yana ɗauke da ƙwayar burusela, ga kuma cutar MERS da aka gano a ƙasar nan a 2012 wadda ke da alaƙa da raƙuma. Madara sai tafasasshiya ko ta kwali, ƙwai da nama a dafa su sosai, a bar cukwin da ba a san yadda aka yi shi ba. Ƙaho tsaga fata ne, ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Kada a yi sai da izinin likitanta.

Maman Ilham, abin da ya fi muhimmanci a gida shi ne ma'aunin zafin jiki. Wanda ke kan wannan allura ciwo yakan yi masa shigar sauro, alamunsa ba su kai girman abin da ke ciki ba. In zafi ya kai 38, ko tari ya wuce mako biyu, ko gumin dare da rama, ko zafin fitsari, ko miki mai ruwa, ko ƙuraje masu zafi a gefe ɗaya na jiki, a dakatar da allurar ranar, a je asibiti, a faɗa musu sunan maganin tun daga ƙofa. Kada a ba ta Panadol a zauna jira. Ba a komawa allurar sai an gama maganin ciwon ta warware. Haka in za a cire haƙori ko a yi tiyata, a sanar tun da wuri don a daidaita ranar.

Maman Ilham:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To batun Umra da tafiya gida fa? Kuma in ranar allura ta faɗo cikin azumi?

Malam Sani:
Galibin malamai sun tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, in kuma hankalinta bai kwanta ba a yi bayan buɗa-baki, ranar dai kada ta gota. In an manta, a yi da zarar an tuna, ta gaba kuma a ranarta, ba a haɗa biyu. A jirgi maganin ya zauna a jakar hannu da takardar likita, domin ɗakin kaya yana iya daskarar da shi. Ki kuma yi tunanin wutar Kano tun yanzu: in firjin gidan ba shi da tabbas, a nemi mai sola, ko a taƙaita tafiyar yadda alƙalami ɗaya zai isa.

Abu Muhsin:
Rigakafi kashi biyu ne. Na sanƙarau da ake yi don Hajji da Umra, na mura ta shekara, na nimoniya da na ciwon hanta B duk babu rayayyar ƙwaya a cikinsu, ta yi su, ya fi kyau ma kafin allurar farko. Masu rayayyar ƙwaya su ne haramun a gare ta da zarar ta fara: na zazzaɓin shawara, na ƙyanda, na ƙarambau, da ɗigon foliyo na baki. Saboda tafiya Kano, ki nemo katin rigakafinta mai ruwan ɗorawa. In an taɓa yi mata na shawara, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa. In ba a taɓa yi ba, ki gaya wa likitan yanzu, domin ana so a yi shi kamar mako huɗu kafin a fara adalimumab, kuma methotrexate ɗin da take sha ma sai an duba shi. In lokaci ya ƙure, ya rubuta mata takardar uzuri. A Kano gidan sauro da maganin kariya daga maleriya, kuma duk zazzaɓi a gwada jini a ranar.

Umra kuwa, da ni za a bi, ta yi a farkon watan, da hantsi ko wani lokacin da cinkoso ya yi sauƙi, da takunkumi a hanci, a bene na sama ko a keke. Goman ƙarshe numfashin mutane a fuskarta zai yi yawa. Methotrexate kuma ta ci gaba da shi sau ɗaya a mako tare da folik asid, yana hana jiki ƙin allurar. Kada ku yanke hukunci a kan aikinta kafin mako 12, kuma gwajin jini da na hanta duk wata uku zuwa shida kada ya wuce ku ko da ta ji garau.