Neman shawara: shekara biyu a digirin digirgir, bayanai sun taru amma na kasa faɗin tambayata

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa da malamaina. Abin ya kai ni bango, shi ya sa na kawo kukana.

Ina shekara ta biyu a digirin digirgir. Aikina kan yadda ake kunna ƙwayoyin gado da kashe su ne yayin da ɓargo ke samar da jini, da abin da ke ɓaci idan sankarar jini ta shigo. Takamaimai, ina kan wani reshe na sankarar jinin da ake kira AML, wanda kuromosom na 8 da na 21 ke musayar guntu a cikinsa, wato t(8;21), sai RUNX1 ya manne da ETO su zama furotin guda, RUNX1-ETO, da ke hana ƙwayar jini balaga. Da Kasumi-1 nake aiki, wato ƙwayoyin wannan cutar da ake rainon su a kwalba a ɗakin gwaji.

Na yi ChIP-seq, gwajin da ke nuna inda furotin ke zama a kan DNA, na samu dubban wuraren da RUNX1 ke zama a kan DNA. Na rage furotin ɗin da siRNA, ɗan guntun RNA da ke hana ƙwaya ƙera shi, bayan kwana uku na yi RNA-seq don ganin ƙwayoyin gadon da aikinsu ya ƙaru ko ya ragu, nan ma jerin ƙwayoyin gadon da suka canza ya yi tsawon da ba ya karantuwa. Malamin da ke duba aikina yana so in ƙara ATAC-seq, gwajin da ke nuna wuraren DNA da ke buɗe, daga baya kuma nazarin ƙwaya ɗaiɗai. A zaman kwamitina na ƙarshe wani farfesa ya ce in faɗi tambayar bincikena a jimla ɗaya. Wallahi na buɗe baki na rasa abin cewa.

Shekara biyu suka rage min a tallafin karatu. In ci gaba da tara bayanai kamar yadda malamina ke so? In tsaya kan wuri ɗaya in tone shi? Ko in bar Kasumi-1 in nemi samfurin marasa lafiya, tunda kowa na ce min ƙwayoyin kwalba ba cuta ba ce?

Wani malamin jami'a:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a je ga shawara, wane antibodi ka yi ChIP ɗin da shi, wato abin da ka kamo furotin ɗin da shi?

Ina tambaya ne saboda Kasumi-1 na ɗauke da furotin biyu a lokaci guda: RUNX1 lafiyayye daga kuromosom ɗin da bai taɓu ba, da kuma RUNX1-ETO. Gaurayen ya riƙe farkon RUNX1, wato sashen Runt da ke kama DNA, ya rasa ƙarshensa. Idan antibodinka farkon furotin yake ganewa, to duka biyun ka jawo, kuma taswirarka ba za ta iya gaya maka wane ne ke zaune a ina ba. Wanda ke gane ƙarshen RUNX1 lafiyayyen kaɗai zai kamo, na ETO kuma gaurayen. Haka siRNA ɗin: in ba kan mahaɗar RUNX1 da ETO ka saita shi ba, ko kan ɓangaren ETO, ƙila duka biyun ka rage. Kuma an nuna waɗannan ƙwayoyin na buƙatar lafiyayyen RUNX1 don su rayu, don haka wani ɓangare na jerin naka zai iya zama alamar ƙwayoyi masu mutuwa kawai.

Mai tambaya:

Malam, na duba takardar antibodin yanzu. Farkon furotin yake ganewa. Innalillahi. siRNA ɗin dai kan mahaɗar yake, nan na tsira.

Wani malamin jami'a:

To ba asara ba ce, sai dai ka san abin da ke hannunka. Ka riƙe ta a matsayin taswirar duka biyun, ka ƙara ta ETO.

Yanzu ga ainihin matsalar. Kwana uku lokaci ne mai tsawo ƙwarai a rayuwar ƙwaya. Da ka janye RUNX1-ETO, ƙwayoyin gado kaɗan ne za su farka kai-tsaye. A cikinsu akwai masu kunna wasu, kamar CEBPA, wanda tun 2001 aka san gaurayen na danne shi. CEBPA ya tashi ya kunna nasa, su ma su kunna nasu, ƙwayar ta kama hanyar balaga. Kai kuma sai ka zo rana ta uku ka ɗauki hoton taron bayan kowa ya hallara, kana neman wanda ya fara buɗe ƙofa. Ba za ka gane shi ba.

Sannan ganin furotin a zaune kan wani wuri bai nuna yana yin wani abu a wurin ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A 2021 wani rukuni a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya maƙala wa RUNX1-ETO alamar da ke sa ƙwaya ta narkar da shi cikin sa'o'i kaɗan, a wannan Kasumi-1 ɗin naka, suka auna RNA da ake kan ƙerawa nan take. Ƙwayoyin gadon da suka amsa kai-tsaye 'yan kaɗan ne idan aka gwada da yawan wuraren da furotin ke zama. Ka nemi aikin ka karanta shi da biro a hannu, don kada ka ɓata shekara kana maimaita abin da aka riga aka yi.

Ra'ayina: ka zaɓi makunni ɗaya ko biyu, ina nufin guntayen DNA ɗin nan da ke nesa da ƙwayar gado amma su ke iko da ita, ka rufe shi da CRISPRi, wato CRISPR ɗin da ke kashe wuri ba tare da yanka DNA ba, ka goge shi, ka sauya harafin da RUNX1 ke kamawa, ka ga me zai faru. Manyan abubuwan da fannin nan ke alfahari da su haka aka samo su. A 2004 an goge makunnin PU.1 guda ɗaya a ɓeraye, furotin ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100, ɓerayen suka kamu da AML. A 2014 an gano cewa a AML mai juyewar kuromosom na 3, makunnin GATA2 ne ke ƙaura ya koma kusa da EVI1, ya kunna wanda bai kamata ba, ya bar mai shi a kashe. Makunnin BCL11A da ɗakin gwajin Stuart Orkin ya bayyana a 2013, shi ne wurin da maganin Casgevy ke yankawa don dawo da haemoglobin na jarirai ga masu sikila, kuma Birtaniya da Amurka sun amince da shi a ƙarshen 2023. Ko wanne daga ciki ana iya faɗinsa a jimla ɗaya.

Wata likitar jini:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni ban yarda a yi watsi da tambayarsa ta uku ba. Kasumi-1 daga yaro ɗaya aka samo ta a Japan, ta shekara sama da 30 a kwalba, kuma tana da sauyi a ƙwayar gadon KIT banda t(8;21). A ɓeraye ma cikakken RUNX1-ETO shi kaɗai ba ya haddasa cutar sai wani sauyin ya haɗu da shi. Duk abin da ka gani a irin ƙwaya ɗaya tak, mai jarraba ka ranar kare kundi zai tambaye ka ko halin cutar ne ko halin Kasumi-1.

Ba na cewa ka mayar da duk aikin kan samfurin marasa lafiya, ɗan'uwa. Izinin kwamitin ɗa'a kaɗai na iya cin watanni, ƙwayoyin ba su da yawa, kuma ba sa daɗewa a kwalba. Amma ka fara takardun yanzu, ko da samfuri kaɗan ne, don tabbatar da sakamako ɗaya a ƙarshe. CUT&RUN da CUT&Tag, waɗanda su ma ke nuna inda furotin ke zama, ba sa cin ƙwayoyi kamar ChIP-seq da ke neman miliyoyi. Kafin nan akwai SKNO-1, wata ƙwayar kwalbar, ita ma t(8;21) ce, ka maimaita muhimmin gwajinka a cikinta.

Kuma ka riƙa tuna dalilin da ya sa balagar ƙwaya ke da muhimmanci a wurinmu. APL, wani nau'in AML, a da tana cikin mafi saurin kisa. Da likitoci a Shanghai suka fara ba da maganin ATRA a shekarun 1980, ƙwayoyin da gaurayen furotin PML-RARA ya daskarar suka ci gaba da balaga, yau kuma da ATRA da asinik mafi yawan masu ita na warkewa. Mu a asibiti irin wannan muke jira ga t(8;21).

Wata mai nazarin bayanai:

Zan ɗan kare malaminka. ATAC-seq ba ta da wahala, kuma ita ce za ta nuna maka makunnan da ke buɗewa da wuri. Abin gyara shi ne lokaci. Ka ɗauki samfuri tun daga awannin farko zuwa kwana uku, kowane lokaci da maimaici uku na gaske, wato kwalabe daban a ranaku daban. Sai ka tace: wurin da ETO ke zaune, ya buɗe da wuri, kuma ƙwayar gadon da ke kusa ta tashi da wuri. Dubban nan za su koma abin da za ka ƙirga da yatsu.

Ka yi hattara da ɗauka cewa makunni ƙwayar gadon da ta fi kusa da shi yake sarrafawa. Sau da yawa tsallake ta yake yi.

Nazarin ƙwaya ɗaiɗai a kan Kasumi-1 kuwa, ni ban ga abin da zai ƙara maka yanzu ba banda kuɗi da wata shida na zama gaban kwamfuta. Taura biyu ba ta taunuwa. Kuma don Allah ka gwada ƙwayoyinka ko suna da maikofilasma, bakteriyar nan da ke gurɓata kwalba, ka tabbatar da gwajin shaidar DNA na STR cewa Kasumi-1 ɗin ce da gaske.

Wani ɗalibi ɗan shekarar ƙarshe:

Yaya, ni ta ɓangaren malami zan yi magana, don na sha irin wannan. Kada ka shiga ofishinsa ka ce ba za ka yi abin da ya ce ba. Ka je da shafi ɗaya: tambaya a sama, gwaji uku a ƙasa, da abin da kowane sakamako zai nufa ko da ya fito akasin yadda kake fata. Ka sa ATAC ɗinsa a matsayin gwaji na farko, ai dama kana buƙatarsa. Nawa malamin sai da ya ga jadawalin watanni a rubuce sannan ya yarda cewa lokaci ba zai isa a yi duka ba.

Abu ɗaya da ba a faɗa ba: maƙala alamar narkarwar nan a Kasumi-1 ba wasa ba ne. Ba ta girma da sauri, kuma fitar da ƙwaya guda ta hayayyafa na ɗaukar makonni. Kada ka rataya kundinka duka a kai.

Wani malamin jami'a:

Gaskiyarsa. Tunda an riga an yi, ya fara da bayanan rukunin Vanderbilt ɗin da ke ajiye a rumbun bayanai na GEO in sun saka, ko ya rubuta musu ya roƙi ƙwayoyin. Masu bincike na ba da irin wannan fiye da yadda ɗalibai ke zato.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Ga jimlar da na rubuta, ku gyara min: "Waɗanne makunnai ne RUNX1-ETO ke rufewa kai-tsaye, kuma buɗe ɗaya daga cikinsu kaɗai ya isa ya sa ƙwayar ta fara balaga?" Zuciyata na karkata ga makunnin CEBPA da ke nisan kilobes 42 daga gare shi, wato haruffan DNA dubu 42, sai dai ina tsoron an riga an gama da shi.

Wata likitar jini:

Jimlar tambaya biyu ce, rabin na biyu ne naka. Makunnin +42 ɗin an yi aiki a kansa sosai, ka riƙe shi a matsayin ma'aunin da zai nuna maka CRISPR ɗinka na aiki, sabon kuma ka bar ATAC ta zaɓo maka. Wace alama za ka auna balagar da ita? CD34, alamar ƙwayoyin da ba su balaga ba, na sauka, amma ni ba zan gamsu ba sai na ga ƙwayoyin a kan gilashi an yi musu rini.