Ina da shekara 39, zan iya komawa koyon aikin famfo?

Baban Ummi, Garwa:
Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Shekara 11 ina klando, wato ɗaukar fasinja a moto (babur), yanzu bayana ya fara ciwo ga tsadar mai. Jiya ƙanina ya nuna min labarin Maori, asalin mutanen Niyu Zilan, magidanta da mata masu 'ya'ya suna komawa aji su koyi aikin famfo, wlh abin ya tsaya min a rai. Don watan jiya tiyon gidanmu ya fashe ƙarƙashin siminti, yaron da ya zo gyara sa'an autanmu ne, awa biyu kacal ya karɓi sefa dubu takwas ni kuwa sai in wuni cikin ranar Garwa ban haɗa haka ba. Kunya ce ke hana ni, ace da iyalina ina miƙa wa yaro sifana.

Mai Famfo, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gemu ai ba ya hana ilimi, ni da kaina na koyar da wanda ya girme ni kuma ya fi yaran natsuwa, ba ya ɓatar min da kaya. Amma kar ka ɗauka ɗaura robine, wato kan famfo, ne kawai. Wata shida na farko fasa bango ne da haƙa rami da buɗe masai da ya toshe, hannunka zai shiga inda ba ka so. Sai daga baya ka koyi yanka zare a bututun ƙarfe, da shafa gam a bututun roba na PVC, da yadda ake ba bututun ƙazanta gangara, in ka kuskure wannan gangarar duk gidan wari zai ɗauka kuma sunanka ya ɓaci a unguwa.

Malama Hajara, Ngaundere:
Baban Ummi ka lura da bambanci ɗaya. A can almajirin sana'a albashi ake biyansa yana koyo, shekara huɗu zuwa biyar, kuma sai da lasisi mutum zai yi aikin. Maori ma suna da manyan makarantu nasu, wananga, inda dattijo zai zauna aji ɗaya da matashi. Tun 1959 gwamnatinsu ta fara kwaso samarin Maori daga ƙauyuka zuwa birane koyon sana'a, wato abin ya daɗe da saiwa. Mu nan kai ne ma za ka biya mai gidan, dan Allah kar ka sayar da moton nan.

Abba, Njamena:
Gaskiyar Malama. Ka yi klando da asuba da bayan magariba, rana ka bi ogan, ka kuma zauna da maman Ummi tukuna don ita za ta ji ragin cefane.

Baban Ummi, Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ita ce ma ta fara cewa in gwada. Mai Famfo, kayan aikin farawa nawa za su ci, kuma wanne zan fara saya?