A karanta sunaye da abin da kowa ya kawo ranar Godiya, ko a bari?

Magatakardar Zumunta (ƙungiyar matan coci), Zuru: Salama 'yan'uwa. Saura Lahadi uku mu yi Godiyar kaka a coci, ranar Asabar kuma kwamiti zai yanke ko mu ci gaba da karanta sunan kowa da abin da ya kawo, ko a faɗi jimla kawai. Abin da ya ta da maganar, wata 'yar'uwa ce ta ɗauke ƙafa tun Godiyar bara. Suna cikin waɗanda suka baro gonakinsu a yankin Danko-Wasagu saboda 'yan bindiga. Tiya biyu ta dawa ta kawo, sai sunanta ya faɗo daidai bayan na ƙawarta mai buhu uku. Me zan ce wa kwamiti? Kuma yaya ake zuwa wurin mutum irin wannan ba a fama masa ciwo ba?

Malamin Lahadi, Yelwa: Ciwon a zuciya yake, ba a takarda ba. Galatiyawa 6:4 ta ce kowa ya auna aikinsa shi kaɗai, ba da na wani ba. A aikace, mutum ya fara kama sunan wanda yake ƙyashi. Ƙyashi ba ya bin baƙo, sa'a yake bi, wanda kuka gama makaranta tare ko kuka yi aure shekara ɗaya. Sai ya riƙa yi masa addu'ar albarka da sunansa kullum har mako biyu. Kwanakin farko baki ne kaɗai ke faɗa, zuciya na tirjewa, a nan yawanci ake watsarwa. Ya haɗa da Zabura 73, inda Asaf ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ganin arzikin mugaye, bai dawo hayyacinsa ba sai a aya ta 17.

Magatakardar Zumunta, Zuru: Na gode Malam, amma ƙawar tata ba muguwa ba ce, kuma ba ita ta yi tambayar ba. Ni nake da zama ranar Asabar.

Ma'ajin Coci, Birnin Kebbi: Mama, ga abin da za ki kai musu. Kayan gona a kawo Asabar da yamma, kai tsaye sito, kada a yi jerin buhuna a ka ranar Lahadi. Mutum uku su karɓa: ɗaya na aunawa, ɗaya na rubutawa, ɗaya na yanka rasit mai lamba. Ranar Lahadi kowa ya fito rawa da ambulan iri ɗaya da coci ta raba, don in aka bar mutane su sayo, gasar ta koma kan ambulan. A sujada a faɗi jimla, dawa buhu kaza, kuɗi kaza. Sannan a liƙa takarda a allon sanarwa, lambar rasit da abin da ke gabanta, babu suna. Kada ku tsallake wannan. Asalin karanta suna ba don fahariya aka fara ba, don kada a ce kwamiti ya ci ne. In kuka cire suna ba ku sa lamba ba, kafin Kirsimeti za ku ji an ce buhu biyu sun yi ƙafa.

Dattijo, Dabai: Kuna son gyara abin da bai lalace ba. A 1 Tarihi 29 Dauda a gaban jama'a ya lissafa abin da ya bayar don Haikali, shugabanni suka bi sahu. Barnaba ya sayar da gona, an rubuta sunansa, ga shi muna karantawa har yau. Bulus ma ya yi wa mutanen Makidoniya fahariya da himmar Akaya, ya ce ta zuga da yawansu. Ku kuma sani baiko zai ragu. Ba da tausayi ake sayen kwanon rufi ba.

Mai Bishara, Ribah: Baba, da girmamawa, a juya shafi ɗaya. Labarin Barnaba shi ya rufe Ayyukan Manzanni 4, sura ta 5 kuma da Hananiya da Safiratu ta buɗe. Suna son yabon da aka yi wa Barnaba, alhali wani kashi na kuɗin kawai suka kawo. Kuma ranar da Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko, a Markus 12, gwauruwa mai anini biyu ya kira almajirai su gani.

Maman Rifkatu: Ku bar ayoyi tukuna in faɗa muku abin da ido ya gani. Wani magidanci a unguwarmu, shi da abokinsa tun suna yara suke noma tare. Abokin ya samu aikin gwamnati. Ranar gwanjon Godiya aka ɗaga zakara, wanda a kasuwa bai wuce dubu takwas ba. Abokin ya ce sha biyar, shi ya ce ashirin, matasa na buga ganga, mai gwanjo na kiran sunansu yana cewa wa zai bari a kunyata shi. A dubu arba'in aka tsaya, a kansa, ga alkawarin buhu biyu da ya riga ya yi da safe. Ba shi da su. Kowace Lahadi aka shiga karanta sunayen waɗanda ba su cika alkawari ba, wata uku cur, matarsa na zaune cikin Zumunta da ɗankwalinta tana sunkuyar da kai. Ya sayar da irin da ya ajiye ya biya rabi, da damina ya ci bashin da ake biya da hatsi, kaka ta zo mai bashi ya kwashe. Yanzu ba ya gaisawa da abokin, alhali abokin bai ma san abin da ya faru ba. Ba wanda ya taka gidansa sai masu tunin alkawari. Wanda ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, na yarda, amma wa ya kaɗa gangar?

Mai Kaji, Mahuta: Mama, zakaran dubu takwas kuma? Wannan ɗan tsako ne. Zakaran Godiya lokacin kaka ba ka taɓa shi ƙasa da sha biyar.

Maman Rifkatu: Kai ɗan nan, ana maganar gidan da ya watse kana kuɗin kaza. A ƙauye takwas ne, kai ke ninkawa in ka kawo gari.

Ɗan Kwaya, Gusau: Ni dai in anka daina karanta sunaye na huta. Shekara ukku ke nan sunana a takarda "da sauransu".

Dattijo, Dabai: Wanda bai taɓa riƙe kuɗin ginin coci ba ya rage murya. Labari ɗaya ba ya rushe tsari.

Maman Rifkatu: Baba, ku ke riƙe kuɗi, mu ke riƙe matan da ke kuka a bayan majami'a. Kowa da abin da ya sani.

Matar Fasto, Dirin Daji: Tambaya ta biyu ba wanda ya taɓa ta. 'Yar'uwa, ki je ke kaɗai, kada a tura tawagar Zumunta da anko, maƙwabta za su ɗauka horo aka zo yi. Ki je tsakiyar mako lokacin da take aiki, ki zauna ki taya ta ɓarar gyaɗa ko tsince wake. Kada ki buɗe da "ba mu gan ki a coci ba", ta san ba ta zo ba. Zuwan farko kada ki ɗauki hatsi ko kuɗi, zai zama kamar kin tabbatar mata abin da take gudu. Kada ki ce wasu sun fi ta wahala, wannan ma kwatanci ne, an dai juya shi ƙasa. Kuma kada ki zagi ƙawar don ki faranta mata. In ta kawo maganar, ki ce yadda aka karanta bai yi daidai ba, ki tsaya nan. Ƙarfafawa da ke shiga ita ce mai kama abu ɗaya takamaimai, misali yadda take kama yara a makarantar Lahadi ko muryarta a waƙa, ba "ke mai albarka ce" da ake gaya wa kowa ba. A zuwa na biyu ki roƙe ta wani aiki da ba na kuɗi ba, wanda da gaske ake buƙata. In har za ki buɗe Littafi, Matiyu 25 ya isa: mai talanti biyar da mai biyu kalma ɗaya ubangidansu ya faɗa musu, ba ragi. Ƙawar kuma ki same ta daban, ta je gaisuwa, ba ban haƙuri ba, don ba ta yi laifi ba.

Tela, Zuru: Tunda an ambaci anko, shi ya fi korar mata, ba takarda ba. Na taron bana dubu tara yadi shida, ban da ɗinki.

Maman Rifkatu: Mu sha uku aka ce mana. To ina huɗun ta shiga?

Tela, Zuru: Akwai mai kauri akwai marar kauri, zane ɗaya. Wanki biyu za ki gane wa ya sayi wanne, kuma matan sun sani.

Mai Bishara, Ribah: Duk wannan bai kai kujeru ba. Ranar Godiya sai a jera kujeru masu hannu a gaba, a ta da tsofaffin da suka yi shekara a wurin, a zaunar da baƙon da ya zo da mota. Yakubu 2 ta kira wannan da sunansa, mai zoben zinariya a ce zauna nan, matalauci a ce tsaya can.

Dattijo, Dabai: Baƙo ne, girmama baƙo ba laifi ba ne.

Mai Bishara, Ribah: 'Yan gudun hijirar da ke tsaye a bakin taga su ma baƙi ne, Baba.

Magatakardar Zumunta, Zuru: Zan je wurinta ranar Laraba. Ma'aji, tsarin rasit ɗin ya haɗa da gwanjo, ko shi a bar shi yadda yake?

Ɗan Kwaya, Gusau: Kujerun nan masu hannu ma na kwaya ne, tun bara ba a maido muna ba.