Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Garin da Aka Gina wa Masu Shekaru?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Na ziyarci wani tsohon abokin aikina da maiɗakinsa a Sun City da ke jihar Arizona ta Amurka, irin wurin da Turawa ke kira retirement community. Da na dawo, Hajiyarmu ta tambaye ni inda suke zaune, na ce mata gidan tsofaffi ne. Nan take ta yi salati, ta ce ashe 'ya'yansu sun yi watsi da su. A nan na gane cewa kalmar da na zaɓa ta zubar wa bayin Allah mutunci ba da laifinsu ba.

Wurin gari ne sukutum, wanda kamfanin Del Webb ya buɗe ranar 1 ga Janairu 1960, kuma mazaunansa sun kusa 40,000. Abokina da guminsa ya sayi gidansa, kuma shi da kansa ya tuƙa ni zuwa kanti a 'yar ƙaramar motar nan mai batir da ake yawo da ita a filin wasan gwalf. Sharaɗin zama shi ne a sami mai shekara 55 ko fiye a gidan, yara kuwa suna zuwa ziyara amma ba sa zama na dindindin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun safiya, domin ban ji kukan jariri ba, ban kuma ga yaro ko ɗaya rataye da jakar makaranta ba.

Saboda haka "gidan gajiyayyu" bai dace ba ko kaɗan, tunda waɗannan mutane ba su gajiya ba. Na yi tunanin "unguwar 'yan fansho", sai dai kalmar tana kawo wa Bahaushe hoton tsofaffin ma'aikata a layin tantancewa, ga shi kuma shekaru ake dubawa, wasu mazaunan ma suna kan aikinsu.

Ni dai na karkata ga "garin dattawa" idan wurin ya kai girman Sun City, da "rukunin gidajen dattawa" idan ƙarami ne. Damuwata ɗaya ce: a wurinmu dattijo yana ɗauke da ma'anar dattako, alhali can shekaru kawai ake ƙirgawa. Ina roƙon 'yan'uwa na Sakkwato, Katsina da Damagaram su gaya mana ko karin harshensu yana da kalmar da ta fi wannan zama daidai.