Lambar kunnen tumaki da cutar sikirefi a Amurka: a ba ni haske

Baban Sadiya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune kusa da Greensboro a jihar Karolina ta Arewa. Ganin yadda jama'armu ke shan wahalar neman rago duk Babbar Sallah, sai na kama hayar wani ɗan fili, na sayo tumaki biyar da rago ɗaya daga wani manomi a Virginia. Irin Katahdin ne, masu gashi kamar namu na gida, ba masu ulu ba. Burina su hayayyafa in riƙa sayar wa mutanenmu na layya da na suna.

Kowace na da lambar roba a kunne mai tambarin gwamnati. Manomin ya haɗa ni da takardu, ya ce in adana su shekara 5, kuma kada in kuskura in cire lambar, wai saboda wata cuta sikirefi. Ni da na tashi cikin tumaki a ƙasar Maraɗi ban taɓa jin sunanta ba.

Abu biyu ke damuna. Wani abokina ya ce in yanke lambobin, don akwai masu ƙin ragon da aka huda wa kunne. Sannan tunkiya ɗaya ta fara goga jiki da shinge har gashin cinyarta ya zube. Tana da ciki, kuma ita na fi so a cikinsu. Idan na kira likita, ba za su zo su kwashe mini garken ba?

Maman Imran:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina aiki a asibitin dabbobi a Ohio. Don Allah kada ka taɓa lambar nan, cire ta laifi ne a dokar tarayya. A mayanka kaɗai ake cire ta. Idan ta faɗi da kanta, ka sa wata ta hukuma, ka rubuta a littafinka.

Dalilin tsananin shi ne halin cutar. Wani gurɓataccen furotin ne ke cin ƙwaƙwalwar dabba, ba magani, ba rigakafi. Ta fi yaɗuwa ta mabiyiya da ruwan haihuwa, kuma takan yi shekara 2 zuwa 5 a jiki kafin ta bayyana. Kafin a gane, an sayar da tunkiyar hannu uku. Da lambar ake bin sawu har garken da aka haife ta. An fara ganin cutar a Amurka a 1947 a Michigan, aka ƙarfafa shirin kawar da ita a 2001, a 2019 kuma aka tsaurara dokar lamba a kan awaki ta yi kusan daidai da ta tumaki.

Kai ma tunda kiwo za ka yi, ka nemi lambar garkenka daga ofishin APHIS, wato hukumar kula da lafiyar dabbobi da tsirrai ta ma'aikatar noma, domin 'ya'yan da za ka sayar don kiwo da lambarka za su fita. Na ƙasa da wata 18 da za su wuce yanka kai tsaye dokar tarayya ta ɗauke musu, amma ka tambayi ofishin likitan dabbobi na jiharku, wasu jihohin sun fi tsanani.

Tunkiyarka kuwa, susa kaɗai ta fi kama da kwarkwata ko ƙazuwa. Ka lura ko tana rama alhali tana ci, ko tana tangaɗi, ko tana tsalle da ƙafafun baya tare, ko tana motsa leɓe idan ka sosa mata baya. Ko ma mene ne, likita ya gan ta kafin ta haihu, kuma ka ware mata wurin haihuwa daban.

Malam Na Bronx:

Batun layya ba abin damuwa ba ne. A mazhabar Malikiyya kunne na hana layya ne idan an yanke ko an tsaga fiye da kashi ɗaya cikin uku. Hujin lamba bai kai ko kusa ba. Mai saye ya fi kyau ya duba shekarun ragon da lafiyarsa. Kuma ɓoye cuta a sayar wa ɗan'uwa algus ne, wannan ya fi hujin kunne nauyi a wurin Allah.

Ɗan Zazzau a Ingila:

Baban Sadiya, mu nan ne gidan cutar, tun 1732 aka rubuta labarinta a tumakin Birtaniya. Tun 1993 dole ne ka kai rahoto ko da zato kawai kake yi. Abin da ya rage ta sosai shi ne gwajin jinin raguna da gwamnati ta ɓullo da shi a 2001, aka riƙa barin masu juriya su yi barbara. Ka duba takardunka, manoma da yawa a Amurka na rubuta RR, QR ko QQ, wato sakamakon gwajin jinin da ke nuna ƙwayoyin halittar da dabba ta gada daga uwa da uba. RR ya fi juriya, QQ ya fi saurin kamuwa. Ragon RR duk ɗan da ya haifa zai gaji R ɗaya aƙalla, ko da uwar QQ ce. Abin da ya sa ba a wasa da ita, a Iceland an samu cutar ta dawo a wani garke shekara 16 bayan an kawar da tumakin farko.

Baban Sadiya:

Allah Ya saka muku da alheri. Na ɗauko takardun yanzu, ragon RR ne, alhamdu lillahi, amma ba a rubuta komai a kan matan ba. Zan sa a ɗebi jininsu duka ranar da likita zai zo. Malam, zan tura wa abokina amsarka kamar yadda ka rubuta ta. Maman Imran, har yanzu zuciyata na kan tambayar ƙarshe, kuɗin gumina ne a cikin dabbobin nan.

Maman Imran:

Ba a kwashe garke a kan zato, Malam, sai an yi gwaji. Idan ta tabbata, a killace garken, a gwada jinin kowace. Yawanci masu rauni ake cirewa, a biya diyyarsu, masu juriya a bar maka. Cutar ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar yanzu, kuma yawancin waɗanda aka samu a baya masu baƙar fuska ne irin Suffolk. Ranar da likitan zai zo, ka ajiye masa takardar shigowa da su daga Virginia, ita zai fara nema.