Don Allah masu Turanci, mene ne bambancin angry, mad, annoyed da su furious?

Ɗan Tudu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata tambaya ce ke cina tun jiya. Na yi odar kaya daga wani kamfani a Ingila, yau wata biyu kenan shiru, kullum in na yi magana sai su ce yana hanya, to jiya dai abin ya ishe ni na zauna na rubuta musu imel na ce I am very mad. Allah ya taimake ni kafin in aika na tura wa wani abokina da ke karatu a can ya duba min, sai ga shi ya kira yana ta dariya wai na shaida musu da bakina cewa ni mahaukaci ne. Ni kuwa a finafinan Amurka na sha ji suna cewa mad suna nufin fushi. Na ce to wacce zan sa, ya jero min kusan biyar ya kashe waya. Wanda ya sani don Allah ya warware min, ni dai angry kaɗai aka koya mana a makaranta.

Malam Na-Alli:
Wa alaikumus salam. Kai da abokin naka duk kuna da gaskiya. A Amurka mad fushi ne, kowa haka yake faɗa, amma a Ingila abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne hauka, duk da dai su ma za su gane in ka ce mad at you. Ka kuma kula, in aka ce mad about wata to ba fushi ba ne sam, sonta ne ya kama shi har kamar zai zare.

Ni yadda nake koya wa ɗalibaina kamar ruwa ne a kan wuta. Annoyed da irritated ruwan ya ɗan yi ɗumi ne kawai, irin haushin da kake ji in sauro na maka kuka a kunne ko an ɗauke wuta kana cikin kallon ƙwallo, ka yi tsaki ka wuce. Angry shi ne fushi na sosai, ya shiga ko'ina. Furious kuma ya tafasa, mutum ya fusata ya harzuƙa idonsa ya kaɗa ya yi ja. Enraged ya ma fi nan, shi ne wanda sai an rirriƙe shi. Akwai seething da fuming, seething asalinta ma tafasa take nufi, wato ya cika fam yana tafarfasa a ciki amma bai ce uffan ba, wannan shi ne abin tsoro.

A imel ɗin kamfani kuwa ba na ba ka shawarar ko ɗaya daga ciki. Ka ce disappointed ko dissatisfied, sun fi saurin sa su motsa.

Maman Ihsan:
Malam ya gama magana, ni dai zan ƙara abin da na gani da idona don shekarata shida ina aikin jinya a nan Ingila. Mutanen nan ba sa faɗin fushinsu yadda yake, ragewa suke yi. Farkon zuwana wata shugabar mu ta kira ni ta ce wai she's not very happy da yadda na cike wata takarda, ni kuwa na ɗauka ƙaramin abu ne har da murmushina na ce toh, ashe baiwar Allah ranta ya yi mugun ɓaci, sai daga baya wata 'yar Ghana da muke aiki tare ta ja ni gefe ta ce ke fa faɗa aka yi miki. Tun daga ranar in na ji Bature ya ce a bit annoyed nake shiga taitayina.

Sannan akwai cross, ita an fi yi wa yara, uwa ta ce wa ɗanta I'm cross with you, kamar dai mu ce zan saɓa maka. Babba ya faɗa wa babba sai ta zama kamar wasa. Upset kuma ɓacin rai ne mai haɗe da damuwa, mai shi ya fi kusa da kuka a kan faɗa.

Ɗan Tudu ƙanena ka kiyayi pissed, ba ta ladabi ba ce, kuma a Amurka fushi take nufi, a nan kuwa an ce mutum ya sha ya bugu kenan. Ka ga wannan ai ta fi mahaukacin muni 😂

Sarkin Musu:
Ni fa Malam ban yarda da ruwan ɗumin nan gaba ɗaya ba. A Turancin da muke yi a Najeriya in mutum ya ce maka I am annoyed with you wallahi ba sauro ba ne, fushi yake yi na gaske, ƙila ma ya daina amsa gaisuwarka. Haka vex, a Ingila ta tsufa sai a littattafan da, amma a Legas da Fatakwal kowa no vex yake cewa wato yi haƙuri. To ya danganta da wa kake magana.

Kuma ni abin da ban taɓa samu ba shi ne takaici. Ku ba ni kalma ɗaya ta Turanci da ta ɗauke shi. An ce min frustration, amma takaicin da uba ke ji in ɗansa ya kunyata shi a gaban jama'a ai ya wuce nan, akwai baƙin ciki a ciki akwai kunya akwai rashin yadda za ka yi.

Malam Na-Alli:
Sarkin Musu na karɓi gyara a kan annoyed, amma shi Ingila zai aika ba Sabon Gari ba. Takaici kuwa gaskiyarka, sai dai a haɗa biyu ko uku. Exasperated ta ɗan matso, ita ce an kai ka bango ka rasa ta cewa.

Abin da ka faɗa na baƙin ciki ya tuna min, ita kanta anger daga yaren mutanen arewacin Turai ta shigo, wato mayaƙan tekun nan da ake kira Viking waɗanda suka kama garin Yok na Ingila a shekarar 866, kuma a bakinsu baƙin ciki take nufi ba fushi ba. Livid da ake faɗa wa wanda ya fusata matuƙa daga Latin take, launi ne, irin shuɗi-shuɗin da fata ke yi in an buge ta. Wrath kuma ta addini ce, ta cika Baibul ɗin Turanci na Sarki Jems na shekarar 1611, fushin Ubangiji ake nufi galibi, don haka kar wani ya je ya ce wrath ɗinsa zai sauka kan mai kawo kaya.

Wasu kuma ba zafin ne ya raba su ba, dalilin ne. Indignant da outraged fushi ne don an yi zalunci ko rashin adalci, ko da ba kai aka yi wa ba, shi ya sa 'yan jarida ke son su. Resentful shi ne ƙullaci, an yi abu tun bara yana nan a rai. Sulking kuma shan kunu da kumbure-kumbure, a yi magana ka ƙi amsawa don a lallashe ka.

Ɗan Tudu:
Kai Allah ya saka muku da alheri. Na goge mad na sa extremely disappointed na aika ɗazu, har sun amso wai suna ba da haƙuri za su bincika, kayan dai har yanzu ban ga alamarsa ba. Maman Ihsan wallahi saura kaɗan da pissed ɗin zan sa don tana cikin biyar ɗin da ya jero min, bari in kira shi.

Sarkin Musu:
To Malam tunda an zo nan, matar da ta yi yaji ta tafi gidansu fa, ita kuma ya za a ce da Turanci?